Yawunde ko cibiyar lafiyar unguwa: lissafin jinyar ciwon damuwar wani tela a Garwa

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne a Garwa, a arewacin Kamaru, shekarunsa arba'in da 'yan kai, mata ɗaya, 'ya'ya biyar, ga mahaifiyarsa zaune a gidan. An sakaya sunansa da unguwarsu, kuma da yardarsa ake ba da labarin. Ɗinkin maza yake yi: kaftani, babbar riga, aikin wuya. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah wayar wuta ta haɗu cikin dare, gobara ta tashi a shagonsa. Kekunan ɗinki biyu sun tafi, amma ba su ne suka karya shi ba. Shaddojin mutane ne, tuli guda, waɗanda aka kawo ɗinkin Sallah, wasu har an biya kuɗin aiki. Wasu suka yafe. Wasu suka yi jaje sannan suka ce a biya su. Wasu kuwa kullum suna ƙofar gida suna sallama.

Ya sayar da babur ɗinsa ya rage bashi, sauran ya gagara. Daga nan ya fara janye jiki. Majalisar da yake zama bayan la'asar ya fara bari, don akwai masu binsa kuɗi a cikinta. Sai ya koma yin Juma'a a masallaci mai nisa inda ba a san shi ba. Kafin damina ta ƙare, ko jam'i a masallacin ƙofar gida ya daina fita. Barci ya ƙaurace masa, zai farka tun tsakar dare ya kwana ido biyu har assalatu. Abinci sai an yi da gaske. Keke ɗaya da ya rage a gida matarsa ta lulluɓe da zane saboda ƙura, ya yi wata huɗu ba a taɓa shi ba.

Amma in ka tambaye shi me ke damunsa, ba zai ce baƙin ciki ba. Zai ce tsakiyar kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, jikinsa babu ƙarfi. Shi ya sa kuɗin farko suka tafi inda suka tafi: gwajin maleriya, gwajin taifot, ƙarin ruwa, maganin ƙarin jini, a sake gwajin taifot. Mahaifiyarsa ta ce da hannu a lamarin, ai wuta ba ta tashi haka kawai ana gab da Sallah, aka shiga rubutu da turare da tofi. Wani abokinsa, da kyakkyawar niyya, ya kawo masa tramol wai ya ji ƙarfi. Ba na cikin masu raina addu'a, kuma rubutun sha bai taɓa hana mai hankali zuwa asibiti ba. Abin lura kawai shi ne, kafin wani ya ambaci sunan ciwon, gidan ya riga ya kashe abin da ya fi kuɗin jinyar da ta biyo baya.

Yadda aka gano ciwon

Ƙanwarsa ce ta matsa aka kai shi cibiyar lafiya ta unguwa, inda akwai wata nas, babbar mace, da ta samu horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin wani shirin agaji. An gina horon a kan mhGAP, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba su iya gane irin waɗannan cututtuka su kuma yi maganinsu. Ta auna hawan jini da sukari, ta duba ƙarancin jini, ta tambayi duk abin da yake sha. Sannan ta yi masa tambayoyi tara na PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, tana karantawa da Faransanci tana faɗa masa da Hausa. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 gare ta, jimla 27. Daga 10 zuwa 14 matsakaici ne, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama kuwa ya tsananta. Nasa ya faɗa tsakanin 15 da 19.

Ta taran ita ce wadda ma'aikata da yawa ke jin nauyin yi.

"Malam, kar ka ji kunyata. Akwai lokacin da zuciya ke raya maka gara a ce ba ka duniya?"

Ya daɗe bai ce uffan ba. "Likita, ni Musulmi ne, ba zan taɓa kaina ba. Amma in na kwanta nakan ce da ma kar in farka."

Ta bi diddigi, ko ya taɓa shirya wani abu, ko akwai maganin ƙwari ko na ɓera a ɗakinsa. Babu. A yankin da ake noman auduga kamar namu, tambayar maganin ƙwari ba ta wasa ba ce. Ta kuma tambayi ƙanwar ko ya taɓa yin kwanaki yana rawar kai, ba barci, ga yawan magana da ɓarnar kuɗi, domin mai ciwon hawa da saukar zuciya ba a ba shi ƙwayar damuwa ita kaɗai. Shi ma babu.

Hanyoyi uku

Da iyali suka zauna, mijin ƙanwar, ma'aikacin gwamnati, ya ce a kai shi Yawunde, asibitin Jamot, inda likitocin ƙwaƙwalwa suke. Ya taɓa jin labarin CBT. "Yaya, lafiyarka ta fi kuɗi, mu je wurin masu abin. Kai tela ne, ka fi kowa sanin araha ba ta ado."

Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, ita ce jinyar zance da aka fi yi wa bincike a duniya. Aaron Beck, wani likita a Amurka, shi ya shimfiɗa ta a shekarun 1960. Marar lafiya yana koyon kama tunanin da ke faɗo masa a rai, irin "na gama yawo, kowa kallon maciyin amana yake min", ya rubuta shi, ya auna shi da hujja, ya nemo wanda ya fi kusa da gaskiya. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, mako-mako, kusan awa guda, da aikin gida a rubuce. Mai bayarwa kuma sai ya yi shekaru yana karatu.

To, sai a duba hanya. Daga Garwa mota zuwa Ngaundare, daga can jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Ko da akwai ɗan'uwa a unguwar Hausawa ta Birikitari da zai ba da masauki, zama 12 wata uku ke nan, kuma mutum biyu ne, tunda ba za a bar shi shi kaɗai ba. Ga harshe. Telan makarantar allo ya yi, Hausa da Fulatanci yake ji, Faransancinsa na ciniki ne. Mutumin da ke kunyar faɗa wa matarsa abin da ke ransa, ta yaya zai faɗe shi ta bakin tafinta, tafintan kuma mijin ƙanwarsa?

Hanya ta biyu ƙwaya ce. Amitiriftilin da fuluoksetin duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma na farkon ba shi da tsada. Sai dai ana yin makonni kafin a ga aikinsu, sannan a ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Amitiriftilin na busar da baki, na sa gyangyaɗi, kuma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya, don haka ga wanda ke cewa da ma kar ya farka, a hannun matarsa za a ajiye. Shi da kansa ya ƙi. "Likita, in aka ji ina shan maganin masu taɓin hankali, wa zai sake kawo min ɗinki?" Nas ba ta tilasta ba. Sun dai yi yarjejeniya, in wata guda ya wuce babu motsi za a dawo kan maganar.

Hanya ta uku ita ce nas ɗin da kanta, zama ɗaya a mako, da dabarar da ake kira BA, wato farfaɗo da harkokin yau da kullum.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Tambayar da ke cikin maganar mijin ƙanwar, ko mai arahar ta kai mai tsadar, an taɓa yin ta a Ingila, aka kuma amsa ta da lissafi. A 2016 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin COBRA, wanda David Richards na Jami'ar Exeter ya jagoranta. Manya 440 masu ciwon damuwa aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka samu CBT daga ƙwararru, rabi suka samu BA daga ƙananan ma'aikata da aka yi wa gajeren horo. Bayan shekara guda makin PHQ-9 na ɓangarorin biyu ya sauka kusan daidai, kuma kusan biyu cikin uku a kowane ɓangare ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye. Kuɗi kuwa, fam 975 ga mutum ɗaya a BA, fam 1,235 a CBT. Ragin kusan kashi 21 cikin 100 ke nan.

Amma a lura da inda ragin ya fito. Mafi yawansa daga albashin mai bayarwa ne. Sannan fam 975 a canjin yau ya haura sefa 700,000, alhali tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata. Wato abin da Ingila ta kira araha, a nan albashin shekara ne. Alƙaluman kuɗinsu ba su da amfani gare mu. Abin da za mu ɗauka daga wurinsu guda ne: wannan aiki yana iya sauka zuwa hannun ƙaramin ma'aikaci bai lalace ba.

Gwajin da ya fi kama da lamarin telan nan shi ne na Gowa a Indiya, wanda Vikram Patel da abokan aikinsa suka buga a 2017. Mutum 495 ne, duk makinsu daga 15 zuwa sama, kamar nasa. Masu ba da jinyar mutanen gari ne da aka horar, zama 6 zuwa 8, kowane minti 30 zuwa 40, kuma BA ce ginshiƙin dabarar. Bayan wata uku kashi 64 cikin 100 sun sauko ƙasa da maki 10, a ɗaya ɓangaren da ya tsaya ga kulawar asibiti kashi 39. Kuɗin mutum ɗaya kimanin dalar Amurka 66, wajen sefa 40,000.

A Afirka ma an gwada, kuma tun kafin nan. A 2003 Paul Bolton da abokansa suka buga aikin da suka yi a ƙauyuka 30 na Masaka da Rakai a Yuganda, da dabarar IPT, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970, mai duba abin da ya taɓa alaƙar mutum da mutane: rashi, rigima, sauyin matsayi, kaɗaici. Ƙungiya-ƙungiya aka yi, maza daban mata daban, mako 16, ɗan gari ke jagoranta. A ƙarshe kashi 6.5 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a ƙauyukan da ba a yi ba kashi 54.7. A Harare ta Zimbabuwe kuma akwai aikin Dixon Chibanda, inda dattijai mata ke zama da marasa lafiya a kan benci a harabar asibiti, zama shida na warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin 2016 mai mutum 573, bayan wata shida kusan kashi 14 ne ke da sauran alamun damuwa, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 50.

Zaman ƙungiya ya fi kowanne sauƙi ga aljihu, tunda ma'aikaci ɗaya ke ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, kuma a ganina zai dace da wuri irin sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo inda masifa ɗaya ce ta haɗa jama'a. Ga telan nan dai bai dace ba. Mutumin da ya gudu daga majalisa saboda kunya, ba za ka fara masa magani da wata majalisar ba.

A 2021 Pim Cuijpers da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 331 masu mutum sama da 34,000, suka kwatanta manyan dabarun da juna. Duk suna aiki, kuma babu wadda ta yi wa sauran fintinkau. Guda ɗaya ce ta kasa kamo su, wato zaman saurare da lallashi wanda ba shi da tsari. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin in akwai abin da muke da shi a yalwace to ban-haƙuri ne. Telan ya sha "ka yi haƙuri, ƙaddara ce" daga limami, daga maƙwabta, daga Inna, kuma duk gaskiya suka faɗa. Bai dai tashe shi daga tabarma ba.

Akwai kuma sakamakon da ke rage wa mutum zumuɗi. A Ibadan, Oye Gureje ya kwatanta jinya mai matakai, wadda ta haɗa da zaman warware matsala, da kulawar ma'aikatan da aka yi wa horon mhGAP kawai. Sakamakon 2019 ya nuna bayan shekara guda kusan uku cikin huɗu sun warware a duka ɓangarorin. Ni abin da na fahimta a nan shi ne, ma'aikacin da ya gane ciwon, ya faɗi sunansa, ya kuma riƙa bibiya, ya riga ya yi babban rabin aikin, sannan lokaci ma na yin nasa. Tazarar nan mai faɗi ta Yuganda kuwa, a tuna an auna ta ne da mutanen da ba a shirya musu komai ba.

Zaman da aka yi

Tushen BA ba shi da wuyar fahimta. Damuwa na sa mutum ya janye, janyewa na raba shi da duk abin da ke faranta masa rai ko ya sa ya ji yana da amfani, sai ciwon ya ƙaru, sai ya ƙara janyewa. Don haka ba a jira sai zuciya ta so. Jiki ake fara motsawa, da ƙaramin abu, a kan lokacin da aka sa.

Zaman farko nas ta ba shi takardar rubuta ayyukan yini. Da Faransanci take, layi-layi, awa-awa. Mako ya zagayo ya dawo da ita fara fat. Sai ta tambaye shi da me yake rubuta awon mutane. Ya ce akwai littafinsa, da ajami. Ta ce shi zai kawo. Suka raba yini da salloli: asuba zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, har zuwa bayan isha'i. A kowane gurbi ya rubuta abin da ya yi, a gefe ya sa lamba daga 0 zuwa 10 ta yadda zuciyarsa take. Tela ba ya tsoron lamba. Da suka duba shafukan tare, abu biyu suka fito fili. Lambar ta fi faɗuwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da yake kwance a ɗaki. Kuma mafi girmanta a duk makon ranar da autarsa ta kawo rigar makaranta ta yage, ya ɗinke mata da allura.

Daga nan aka ɗora. Aikin mako na biyu shi ne ya yaye zanen da ke kan keke ya zuba masa mai, shi ke nan, kar ya ɗinka komai. Na uku, magariba a masallacin ƙofar gida, don duhu ya fara, ido bai yi yawa ba, da ɗinkin rigunan yaran gida bayan azahar. Tramol kuma ana rage shi a hankali.

Matarsa ta ɗauki abin da zafi. "Maigida, Likita ta ce ka hau keken." Safe da rana, har ya fusata ya ce ba zai koma ba. Nas ta kira ta gefe. "'Yar'uwa, ke ba mai gadi ba ce. In ya yi, ki nuna kin gani. In bai yi ba, ki bar min shi." Irin wannan gyara ba ya cikin takarda, amma shi ke riƙe jinya.

A mako na huɗu wani mai bin bashi ya zo ƙofar gida ya ɗaga murya, maƙwabta suna ji. Telan ya shige ɗaki kwana uku, bai zo zama ba. Nas ta buga wa matar waya, ya zo mako na gaba. A nan ta aro daga dabarar warware matsala. Ta ce ya rubuta sunan duk mai binsa da abin da yake bi. A ransa rabin gari ne. A takarda ba su kai goma ba, kuma biyu ne kawai masu zafi. Suka tsara ya je wurin waɗannan biyun tare da limamin unguwa, a yanka abin da zai riƙa biya duk wata. Wannan ce tafiyar da ta fi masa wuya a duk jinyar, sai da aka ɗaga ta sau ɗaya.

Zama takwas aka yi cikin kusan wata uku. Makinsa ya sauko ƙasa da 10, maganar ƙwaya ba ta sake tasowa ba. Yana ɗinki a zaure, ya koma jam'i, majalisa dai jefi-jefi. Barci bai gama daidaita ba, bashi ma da saura. Kuma samun sauƙin mutum ɗaya ba hujja ba ne a kan wata dabara: an daidaita da masu bashi, an bar tramol, lokaci ya ja. Hujjar tana wurin gwaje-gwajen da aka yi da ƙuri'a. Abin da lamarinsa ya nuna shi ne wace jinya ce mutum irinsa zai iya kaiwa ƙarshenta.

Kuɗin da ba a rubutawa

Abin da ya fita daga aljihunsa kaɗan ne: katin asibiti, kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, da rabin safiya sau ɗaya a mako. In aka kwatanta da wata uku a Yawunde, babu ma abin kwatantawa. Ba ina cewa Yawunde ba ta da rana ba. Da ya ce ya tanadi abin da zai sha, ko yana jin muryoyi, ko ya daina ci gaba ɗaya, ko zama takwas sun wuce maki bai motsa ba, to mijin ƙanwar ne mai gaskiya, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko nawa ne. A ciwo mai tsanani kuma, haɗa ƙwaya da zance ya fi kowanne shi kaɗai.

Sai dai arahar da telan ya gani wani ne ya biya. Minti arba'in sau takwas daga lokacin nas ɗin aka cire, ita kuma ita ce mai awon ciki da rigakafin yara. Bayan haka, a Ingila da Gowa da Yuganda da Harare, ba a taɓa sakin ƙananan ma'aikatan su kaɗai ba. Akwai na sama da ke zama da su a kai a kai, ya ji yadda suke tafiyar da zama, ya gyara, kuma kuɗinsa na cikin lissafin. In babu shi, ma'aikaci mai tausayi yakan zame ya koma nasiha ba tare da ya sani ba, wato ainihin hanyar da bincike ya nuna ta fi rauni.

Lokacin jinyar telan, nas ɗin tana da wanda take bugawa waya ta shawarta, kuma shirin agajin ne ke biyan mutumin da kuɗin wayar. Shirin wa'adi gare shi, ya kuwa cika. Yanzu bayan an tashi aiki take ganin masu irin wannan ciwo, mutum biyu a lokaci guda, na uku sai ya jira ɗaya ya gama. Ba a biyanta kuɗin waɗannan awoyi, kuma babu mai duba yadda take tafiyar da zaman.